Amsar saƙonka kan karatun bututun kabon

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan a watan nan, har Inna ta kira ni a kai. Ka ce ka gama digirin fizik a Danfodiyo, kana so ka zo ka yi bincike kan bututun kabon tunda ka ji shi zai gaji silikon a kwamfuta. To saurara.

Bututun nan siririn naɗi ne na kabon zalla. Mai bango ɗaya, irin wanda Sumio Iijima ya bayyana a Japan a 1993, faɗinsa nanomita ɗaya ko biyu (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), lantarki na gudu a cikinsa lafiya lau. Wahalar tana mahaɗa, inda ƙarfe ke taɓa shi. Ka tuna wayar shagon Baba a Marina, yadda wurin murɗin ke zafi har salatef ya narke alhali sauran wayar da sanyinta? Haka abin yake, sai dai nan ido ba ya gani. In ƙarfen bai dace ba, wani shinge da ake kira Schottky ke tasowa tsakaninsa da bututun, lantarki ya tsaya a ƙofa. A 2003 masana a Stanford suka nuna ƙarfen faladiyom na buɗe hanya. Amma kwamfuta na son taransisto (ƙananan makunnan lantarki) iri biyu, faladiyom na farkon kawai yake yi wa, na biyun kuwa sai da ƙarfe irin su sikandiyom, wanda iska na taɓa shi ya lalace. Komai kyan haɗin, turjiyar da lantarki ke fuskanta ba ta sauka ƙasa da kusan kilo-om 6.5, kuma kana gajarta ƙarfen tana haurawa.

Sikandiyom ɗin nan ya ci mini shekara ɗaya da rabi. In kwana biyu ina haɗa na'ura cikin rigar da ta rufe ni har fuska, in auna, shiru. Malamina ya dube ni gaban ɗalibai ya ce wataƙila ba a koya mana wannan ba a inda na fito. Wallahi ranar ban ci abinci ba. Ashe injin zuba ƙarfen ne ke shan iska ta wata ƙaramar tsaga, ni na gano, kuma babu wanda ya ce in yi haƙuri. Yau da tsarina duk ɗakin ke aiki.

Ga hunturu, la'asar da magariba kusa da juna, kowace salla sai ka tuɓe rigar ka sake sakawa.

Kada ka bari a sayar da gonar Dundaye saboda kai. Wanda bai samu tallafin karatu ba, kada ya taso. Ka koma kan darasin semikwandakta (abubuwa irin su silikon) sosai, ka aiko mini takardar sakamakonka kafin ƙarshen wata in duba.