Keken tsere na farko: na kabon na hannu, ko sabo na alminiyam?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son in fara motsa jiki da keken tsere, irin mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, amma kuɗina ba su taka kara sun karya ba. Wani mai shago ya nuna min na hannu, mai gangar jikin kabon (carbon fibre), mai giya 22, kuma farashinsa kusan ɗaya da sabo na alminiyam mai giya 16. Wanne zan ɗauka?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ɗauki na alminiyam ɗin, muddin ya yi daidai da tsayinka.

Kabon ba shi da nauyi, gaskiya ne, amma in ya bugu ba ya lotsewa ka gani. Yakan tsage ta ciki alhali fenti na ƙyalli, kuma mai walda ba shi da ta cewa a kansa. Keken da ba ka san faɗuwar da ya sha ba, sayensa kasada ce.

Kada yawan giya ya ruɗe ka. Mai 16 ɗin nan galibi kayan giyar kamfanin Shimano ne, samfurin Claris, biyu a gaba, takwas a baya. Sama da shi akwai Sora mai tara, Tiagra mai goma, sai 105. Sarƙar mai takwas ta fi araha, ta fi sauƙin samu, kuma mai gyaran keken unguwarku zai iya saita ta. Ta mai giya 22 ɗin kuwa, wato mai 11 a baya, ranar da ta tsinke sai ka sha yawon nema.

Girman keken shi ne magana. Mai tsayin santimita 170 zuwa 175 yawanci lamba 54 ke yi masa, ko da yake awon kamfanoni ya bambanta. Hau ka zagaya kafin ka biya. In sai ka miƙe hannu iya ƙarfinka kafin ka kai ga birki, ya yi maka girma, bar shi komai arharsa. Ciwon baya da na wuya za ka saya.

Duba tayar ma. Mai faɗin milimita 28 ko 32 ta fi ta 23 jure ramuka da tsakuwa.

Sannan ka rage wani abu na hular kwano, fitila da famfo. Bakin tub ɗin keken tsere siriri ne, ana ce masa Presta, ba kowane mai faci ke da famfon da zai kama shi ba.