Shin System Restore ne ke cinye min wuri a faifan C?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da haɗa bidiyon biki a Mabera, nan Sakkwato. Kwamfutata Windows 10 ce mai SSD 128GB. Fayilolina ba su kai rabin wurin ba, amma faifan C ya yi ja. Mai gyara ya ce System Restore ne. Haka ne? In na goge akwai matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. System Restore shi ne tsarin da Windows ke ajiye madogara don mayar da kwamfuta yadda take a baya in ta samu matsala. Zancen mai gyara zai iya zama gaskiya, amma a auna kafin a goge. Buɗe Command Prompt da ikon Administrator, ka rubuta vssadmin list shadowstorage. Zai nuna maka wurin da System Restore ya riga ya ci da kuma iyakar da aka yanka masa. In ka ga iyakar ta yi yawa, ko an rubuta UNBOUNDED, wato babu iyaka, to ka kama ɓarawon.

Ga yadda abin yake aiki. Tun daga Windows Vista, in aka ajiye madogarar komawa baya (restore point), ba a kwafe faifan gaba ɗaya. Windows na jira ne sai za a rubuta sabon abu a kan wani yanki na faifan, sannan ta kwashe tsohon abin da ke wurin ta adana a ɓoyayyar jakar System Volume Information. Shi ya sa madogarar ke farawa ƙarama, tana kumbura gwargwadon canjin da ake yi bayanta. Mai goge bidiyon biki yau ya loda wani gobe a faifan C, tasa za ta fi ta mai buga wasiƙu kumbura nesa ba kusa ba. Abin haushin kuma, komawa baya ba ta dawo maka da bidiyon da ka goge. Fayilolin Windows, direbobi (manhajojin da ke sa na'ura irin su firinta aiki), manhajoji da rajista (ma'ajiyar saitunan Windows) take mayarwa.

Maganin shi ne ƙayyade mata wuri. A akwatin bincike rubuta Create a restore point, zaɓi C, danna Configure, ka ja Max Usage zuwa kashi 5 cikin 100, wato wajen 6GB a faifanka. A ganina ya isa. In wurin ya cika, Windows da kanta take share mafi tsufa.

Kana son wuri yanzu-yanzu? Buɗe Disk Cleanup, danna Clean up system files, shiga More Options. Maɓallin da ke ƙarƙashin System Restore and Shadow Copies zai share duka ya bar ta ƙarshe. Kada ka taɓa Delete na cikin Configure, kada kuma ka kashe kariyar System Restore: dukansu biyu ba sa barin ko ɗaya, ranar da sabon direban firinta ya birkita kwamfutar ba ka da inda za ka koma.

Aikin bidiyo kuwa, mayar da shi faifan waje. Madogaran suna zaune ne a faifan da suke karewa, in ya mutu sun tafi tare.