Gida a Bangkok: Saye Daban, Gado Daban

Tambaya: Ina safarar tufafi daga Bangkok zuwa Kano, ina so in mallaki wurin zama a can. Doka ta yarda? In Allah ya karɓi raina, 'ya'yana za su gada? (Ɗan kasuwa, Kano)

Amsa: Alhaji, fili dai cire shi daga ranka, dokar Thailand ta hana baƙo mallakarsa. Abin da aka yarje maka shi ne ɗaki a benen da aka yi wa rajistar "kondo" ƙarƙashin dokar 1979, muddin rabon baƙi a ginin bai wuce kashi 49 cikin 100 na faɗin ɗakunan ba. Ka nemi takardar shaidar hakan daga masu kula da ginin kafin ka ba da kafin alƙalami.

Kuɗin kuma dole su shigo daga waje, da sunanka, a kuɗin ƙasar waje, banki a can ya canza su zuwa baht, kuɗin Thailand, ya ba ka takarda. Wanda ya bi ta hannun 'yan canji, ofishin filaye ba zai sa sunansa ba. Sayen fili da sunan ɗan ƙasa a ɓoye laifi ne, kuma ranar rigima ba ka da hujja. Haya mai rajista iyakarta shekara 30.

Gadon ne wurin da ake kuka. Magajin da bai cika sharuɗɗan mallakar baƙi ba, sai ya sanar da hukuma cikin kwana 60, ya sayar cikin shekara guda, in ba haka ba gwamnati ta sayar masa. Kafin nan ma, yawanci sai kotu ta naɗa mai kula da dukiyar mamaci, shari'ar kuwa da harshen Thai ake yinta.

Sannan dokar wurin da gidan yake ita ke raba shi. A Bangkok ɗa da 'ya rabonsu ɗaya. Rabon gado na Musulunci a kotu yana aiki ne a lardunan kudu huɗu: Pattani, Yala, Narathiwat da Satun. In kana so a bi fara'idi, rubuta wasiyya a can, da kwanan wata, ka sa hannu gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki, bayan malami ya fitar maka da lissafin. Harajin gado ba ya taɓa magaji sai abin da ya samu ya haura baht miliyan 100.