Sitabilaiza a motar haɗin gida: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Na haɗa ƙaramar mota mai kujera biyu, samfurin Lotus Seven. Tana kwanciya gefe in na sha kwana. In sayi sitabilaiza mafi kauri, gaba da baya?

Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Sitabilaiza sandar ƙarfe ce mai haɗa tayar hagu da ta dama, tana murɗewa idan mota ta karkata. Taurinta ba ya bin kauri sannu a hankali: daga milimita 20 zuwa 22, ƙarin milimita 2 kacal, taurin ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin 100. Motarka kuwa marar nauyi ce. Ka ɗaura mata sandar babbar mota, za ta daina kwanciya, amma tayoyi su rasa riƙo a hanya mai gargada. Abin da ke ba ni haushi ke nan: mutum ya shekara yana walda da awo, sannan ya sayi ƙarfe da ido don ya ga kauri. Wani ma jabu zai kwaso, fenti yana sheƙi, ƙarfen ba na sifirin ba ne, ya lanƙwashe ya ƙi dawowa. Mai sayarwar da ya kasa faɗa maka kaurin sandar da tsawon hannayenta, wato ƙarshenta biyu da aka lanƙwasa zuwa wajen tayoyi, bar masa kayansa.

Fara da ta gaba kaɗai, siririya, mai ramuka a hannu don ka iya sauya tauri. Ramin da ke can ƙarshe ya fi laushi. Ta gaba in ta yi tauri da yawa, motar za ta riƙa miƙewa kana karya sitiyari. Ta baya in ta yi yawa, bayan motar ne zai zame, kuma wannan ya fi haɗari.

Tambaya: Sandar ta taɓa shasi, in gasa ta in lanƙwasa?

Kul! Wuta tana kashe ƙarfen sifirin, walda ma haka. Sauya mazaunin, ko nemi wata.

Tambaya: Na ɗaura, amma gabana yana faɗuwa, ina jin ƙara ƙwas-ƙwas.

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, galibi noti ne ya saki ko bushin, wato robar da ke riƙe sandar a mazauninta, ya yi mata yawa. Sauke motar daga jak, ta tsaya kan tayoyinta a wuri mai lebur, sannan ka ɗaure mahaɗan da ke haɗa hannayen sandar da ƙafafun motar. Juya sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, ka duba kada sandar ta gogi tiyon birki.