Tambaya da Amsa: Humik asid zai iya fitar da ƙarfen da ya taru a jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana mai shekara 11 yana fama da ciwon sikila, kuma an yi masa ƙarin jini fiye da sau 20. Yanzu an ce sinadarin ƙarfe ya yi masa yawa har yana barazana ga hantarsa. Wata maƙwabciyata ta kawo mini wani baƙin gari mai suna humik asid, ta ce yana tsotse ƙarfen, kuma ya fi maganin asibiti sauƙin kuɗi. Shin in ba shi? Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Kada ki ba shi.

Kowace leda ta jini da aka ƙara wa mutum tana ɗauke da ƙarfe kimanin miligiram 200 zuwa 250, alhali abin da jiki ke iya zubarwa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ragowar sai ta kwanta a hanta da zuciya da gaɓar da ke samar da insulin, tana cin su sannu a hankali ba tare da yaro ya yi kukan komai ba, har wata rana a wayi gari da ciwon hanta, ko ciwon suga, ko raunin zuciya.

Shi humik asid daga ruɓaɓɓun tsirrai da suka daɗe a cikin ƙasa ake samo shi, shi ya sa za ki gan shi baƙi wuluk kamar garin gawayi, kuma amfaninsa da aka fi sani shi ne gyaran ƙasar noma. Maganar maƙwabciyarki ba ta rasa tushe ba, domin yana kama ƙarfe ya riƙe, kuma an gwada shi a kan ɓeraye an ga alamar sauƙi. Sai dai ɓera ba ɗan Adam ba ne, kuma gwajin bai kai matsayin da za a san adadin da ya dace da yaro ba. Ga kuma abin da masu tallarsa ba sa faɗa: abin da aka haɗiya cikin hanji yake sauka, shi kuwa ƙarfen ɗanki ta jijiya ya shiga, yana can kwance a hanta. Ƙari a kan haka, garin da ba a tantance ba yana iya zuwa da dalma ko wata guba daga ƙasar da aka haƙo shi, ga shi kuma da ma hantar a wahalce take.

Magungunan da aka tabbatar uku ne. Desferal allura ce da ake sa wa ƙarƙashin fata tana shiga a hankali na awa 8 zuwa 12, abin da ba kowane yaro ke jurewa ba. Ferriprox da Exjade kuwa sha ake yi, amma su suna ratsa hanji su shiga jini, kuma Amurka ta amince da Exjade a 2005. Na san suna cin sefa ba kaɗan ba, kuma suna buƙatar a riƙa duba ƙoda da hanta da ƙwayoyin jini.

Ki nemi a yi masa gwajin feritin, wato gwajin jini mai nuna yawan ƙarfen da ya taru a jiki, a lokacin da ba ya zazzaɓi, domin maleriya kan ɗaga adadin. Idan ya tsaya sama da 1000, a nan ne likitoci kan fara magani. A duba shi kuma ko yana da ciwon hanta nau'in B. Kafin nan, ki ɗauke duk wata kwalbar maganin ƙarin jini mai ƙarfe daga gabansa, ki bar shi a kan folik asid ɗin da aka rubuta masa.