Tambayoyinku Kan Mota: Da Me Ake Wanke Kujerar Fata, Wane Mai Ake Shafa Mata?

Yawancin wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kan kujerun fata ne. Ba mamaki, ƙurar hunturu ta fara sauka a Kano. Mun zaɓi shida daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi Camry 'yar Kwatano mai kujerun fata ruwan madara. Duk sati nake kai ta wanki, yaran suna goge kujerun da ruwan omo da soso. Yanzu gefen kujerar direba ya fara koɗewa, in ka taɓa sai ka ji ya yi tauri. Wane abin wanki ya kamata in saya? — Mai karatu daga Hotoro

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi komai, fara hana yaran nan shiga da omo cikin motar.

Fatar da ake sa wa yawancin motoci ba tsirara take ba. Bayan an jeme ta, fenti ake fesa mata, sannan a bi da wani siririn rufi na roba mara launi. Abin da hannunka yake taɓawa ke nan, kuma shi ake wankewa. Muddin rufin nan yana lafiya, kujera tana lafiya. Ran da ya cinye, fenti ya fara fita, daga nan sai tsagewa.

Akwai ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Bakwai ce tsakiya. Abin da ya yi ƙasa tsami ne, abin da ya yi sama kuma kaifi ne irin na kanwa. Fatar da aka jema tana zaune ne wajen 4.5 zuwa 5.5. Omo yana kaiwa wajen 10, bilic ya wuce haka. Duk sati ana dirzar rufin da wannan ruwa, yana sulalewa ta ramukan ɗinki ya shiga jikin fatar, ya janye man da aka dasa mata tun a masana'anta, ba kuma mai ɗauraye shi. Taurin da kake ji ke nan. Gefen kujerar direba ya riga sauran lalacewa ne saboda nan kake gogawa da jikinka duk shiga da fita.

In ka je saye, a Ƙofar Ruwa ne ko Sabon Gari ko manyan kantuna, juya robar ka karanta bayanta. Ka tabbata an rubuta cewa na fatar mota ne, kuma pH ɗinsa ya dace da fata. Buɗe ka shinshina: in ka ji warin fetur ko tina, ajiye shi. Wanda aka ce yana wanke komai, daga inji har taya har kujera, shi ma ba naka ba ne. Lexol, Meguiar's, Chemical Guys da Colourlock duk suna yin abin wankin fata. Sai dai suna kaɗai ba ya isa, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Duba hatimin murfi da tsabtar rubutun jikin robar. Mu mun fi son mai fita da kumfa, saboda kumfa tana ɗaga datti ba tare da ta jiƙa kujera ba.

In ba ka samu ba, cokalin shayi ɗaya na shamfu ɗin jarirai a cikin ruwa lita ɗaya, wato fiya wata biyu, zai riƙe ka.

Yadda ake aikin kuwa, a inuwa ake yi, kujera na da sanyi. In ta ɗau rana, ruwan zai bushe kafin ya yi aiki, ya bar tabo. Fara zuƙe ƙura da inji, ko ka kaɗe ta da busasshen buroshi mai laushi, musamman cikin ɗinki da lungun da mazauni ya haɗu da majingini. Wannan matakin masu wanki suka fi tsallakewa, alhali shi ne babba a gari irin namu: ƙurar Kano akwai yashi a cikinta, in ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai ka goga, kankare rufin kake yi da hannunka. Sai ka gwada maganin a ɓoyayyen wuri, kamar ƙasan kujera. In launi ya biyo tsumma, tsaya. In bai biyo ba, fesa a kan buroshi, ba a kan kujera ba, ka riƙa zagayawa a hankali, yanki-yanki, kowane yanki kamar faɗin tafin hannu biyu, na daƙiƙa 20 zuwa 30. Kwashe kumfar da tsumman maikurofaiba, wato tsumman nan mai laushi na goge mota, tun ba ta bushe ba, bi da wani mai ɗan damshin ruwa zalla, sannan busasshe. Tsumma uku ke nan, kada ka haɗa. Soson ƙarfe, koren soson wanke-wanke da farin soson nan mai goge tabon bango duk kankara suke yi.

Wanki irin wannan sau ɗaya a wata biyu ko uku ya isa. Tsakani, shafa da tsumma mai ɗan damshi duk sati.

TAMBAYA: Mu mun taso muna ganin ana shafa wa sirdi da takalmi da jakar fata mai, su shekara da shekaru ba su tsage ba. Me zai hana in shafa wa kujerun motata man kaɗanya maimakon in kashe kuɗi kan na kanti? — Wani dattijo daga Yakasai

AMSA: Allah ya ƙara girma, Baba. Gaskiyarku ce game da sirdi. Fatar da majemanmu suke jemewa da bagaruwa a buɗe take, in an shafa mata mai tana sha. Ta mota kuwa galibi da sinadarin kurom ake jeme ta, irin jimar manyan masana'antu, sannan a rufe fuskarta kamar yadda muka faɗa a sama. Man kaɗanya ba shi da ƙofar shiga. A sama zai zauna, ya yi danƙo, ƙura ta manne, ya ɓata muku farar riga. Ɗan abin da ya samu ya kutsa ta ɗinki ko ta tsaga kuma, duhu zai sa wurin, zafin mota ya sa shi wari, ya kuma raunana riƙon da fenti ya yi wa fatar har ya fara ɓarewa. In an zo gyara daga baya, sabon fenti ba ya kama fatar da ta sha mai. Man gyaɗa, man zaitun, basilin da man goge takalmi duk hukuncinsu ɗaya.

Man da ya dace shi ne mai ruwa-ruwa, fari kamar madara, wanda da ruwa aka haɗa shi, in ya bushe ba ya barin maiƙo. In akwai kariyar hasken rana a ciki, ya fi. Gwaji mai sauƙi: shafa ɗigo a bayan hannunku, in bayan minti biyar har yanzu yana naso, zai yi wa kujera nauyi. Masu kauri irin Leather Honey sun fi amfani ga fata buɗaɗɗiya ko tsohuwar da rufinta ya riga ya sirance.

Kaɗan ake sawa. Rabin cokalin shayi a kan ɗan soso mai laushi ya ishi mazaunin kujera ɗaya, wani rabin kuma majingini. A shafa bayan an wanke ta bushe, a bar shi minti 10 zuwa 15, a goge ragowar da busasshen tsumma. Wanda ya shafa mai a kan datti, dattin ya liƙe. A Kano lokaci uku ne suka fi muhimmanci: Nuwamba da shigowar hunturu, lokacin da iska ke bushewa ƙayau, ƙarshen Fabrairu kafin zafin bazara, sai bayan ɗaukewar damina. Roba ɗaya ta rabin lita za ta kai ku fiye da shekara.

Kuma mu faɗa muku gaskiya: a kan sabuwar kujera mai lafiyayyen rufi, tsabta da inuwa sun fi mai aiki nesa ba kusa ba. Masu sayarwa ba sa son jin wannan.

TAMBAYA: Yaya zan gane ko kujeruna fata ce ta gaske? — Mai karatu daga Kabuga

AMSA: Leƙa ƙarƙashin kujera, Malam, inda bakin abin ya naɗe. In bayansa gashi-gashi ne mai kaushi, fata ce. In yadi ko saƙa ka gani, roba ce. Kamfanoni da yawa suna da tasu robar mai kama da fata: Toyota na kiran tata SofTex, Lexus NuLuxe, Mercedes MB-Tex ko Artico, BMW kuma Sensatec. Ko motar da aka ce ta fata ce, sau da yawa fuskar zama ce kawai fata, gefe da baya roba ne. Roba ba ta shan mai ko kaɗan. Abin wanki mai sauƙi da maganin kariyar rana kawai take so.

In fata ce, ɗiga mata ruwa ɗigo ɗaya. In ya tsaya dunƙule, mai rufi ce, bi abin da muka faɗa. In ya nutse ya bar duhu, buɗaɗɗiya ce, wadda ba a cika samu ba sai a wasu motocin alfarma, kuma kayan gyaranta daban ne.

TAMBAYA: Kujerun motata masu haske ne. Na shiga da sabuwar shadda rinanniya ranar biki, sai ga shuɗi-shuɗi a mazaunin. Ga kuma tabon lalle a jikin ƙofa. An ce in goge da fetur ko turare. — Wata baiwar Allah daga Rijiyar Zaki

AMSA: Hajiya, kada ki kuskura. Fetur, kananzir, tina, ruwan goge farce, turare da sanitaiza duk za su ɗauke tabon, amma tare da rufin da fentin za su tafi. A ranar wurin zai yi fes, bayan kwana kaɗan ya yi danƙo ko ya koɗe, kuma wannan ba ya wankuwa.

Rini yana fara zama ne a saman rufi, sannan zafi ya riƙa tura shi ciki. Saboda haka sauri shi ne magani. In a kwana ɗaya ko biyu ne, abin wankin fata da buroshi mai laushi sukan fitar da shi. A yi sau biyu ko uku a hankali, ana barin wurin ya bushe tsakani, ya fi a dirza sau ɗaya da ƙarfi. In ya yi makonni, akwai magani na musamman na cire rini, mai ƙarfi ne, gara ƙwararre ya sa shi. Lalle ya fi rini taurin kai, don da ma aikinsa kama fata. In ya zauna, sai dai a sake fesa launi a wurin. Tawadar biro ma haka.

Manja ko man miya kuwa, a danna da takarda a tsotse, kada a shafa ya bazu, sannan a wanke. Zoɓo da shayi a goge nan take.

Rigakafi: shadda, atamfa da wandon jins sababbi, a shimfiɗa farin tawul kafin a zauna, har sai an wanke su sun daina zuba. Akwai kuma maganin kariya da ake shafa wa kujeru masu haske bayan wanki, yana hana rini saurin kamawa. Ke shi ya fi miki amfani a kan man tausasawa.

TAMBAYA: Ina son kujeruna su riƙa ƙyalli. Feshin da ake yi wa dashbod zai yi? — Matashi daga Zoo Road

AMSA: Ba zai yi ba, ɗan'uwa. Yawancin feshin nan silikon ne: yana sa santsi, yana jan ƙura, yana kuma hana fenti kamawa ran da za a yi gyara. A sitiyari har haɗari ne, hannu na iya zamewa. Duba sabuwar mota, fatarta ba ta ƙyalli. Ƙyallin da kake gani a tsohuwar kujera gumi ne da man shafawa da datti suka taru suka goge.

TAMBAYA: Kujerar direba ta tsattsage, da damina kuma wani farin abu yakan fito a kujerun baya, da wari. Kujerun masu ƙananan huji ne. Mai zai gyara? — Direban gida daga Sharaɗa

AMSA: Matsala biyu ce, Malam, kuma mai ba ya maganin ko ɗaya.

Tsaga ba ta haɗewa. In zane-zane ne kawai a fenti, masu gyara suna wankewa, su cike da wani abu mai kama da ƙullu, su goge, su fesa launi da sabon rufi. In ta ratsa har kana ganin katifar ciki, masu ɗinkin kujera za su yanke yankin su sa sabo. Ka gaya musu su yi hattara da gefen majingini: a motoci da yawa jakar iskar kariya tana nan ciki, kuma ɗinkin wurin an yi shi ne don ya fashe in an yi karo. Rigar kujera mai kauri da ta rufe wurin ma tana iya tare ta.

Abin da ya tsaga ta rana ce. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, cikin rufaffiyar mota a rana kuma yana wuce 60. Nemi inuwa, sa makarin gilashin gaba, in wurin da tsaro ka ɗan sauke gilashi kamar faɗin yatsa.

Farin abin fumfuna ce, alamar ruwa na kwana a motar. Goge ta da abin wankin fata, ƙofofi a buɗe, hanci a rufe, ka wanke tsumman daban. Kada ka shafa mai sai komai ya bushe, don maiƙo abincinta ne. Sannan ɗaga kafet ka taɓa ƙasansa. In da lema, duba robar ƙofofi da ta but, da bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota. In ya toshe, ciki ruwan yake komawa. In ba a tsayar da yoyon ba, watan Agusta za ta dawo.

Kujera mai huji kuma ba a fesa mata komai kai tsaye, ba a zuba mata ruwa. Ƙarƙashinta akwai katifa mai riƙe lema, a wasu motocin har da wayoyin ɗumama kujera da na'urar da ke gane an zauna. Kumfa kaɗan a buroshi, mai kaɗan a soso, a murza shi a soson sosai kafin ya taɓa kujera. In man ya cushe a hujin ya bushe ya yi fari, a kakkaɓe shi da busasshen buroshin haƙori mai laushi, a zuƙe da inji.