Tambaya da Amsa: Batir da Farantin Sola na Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni mai haɗa sola ne, a Kano na koyi aikin, yanzu kuma ina zaune a Legas. Wani bawan Allah ya ba ni aikin sabunta wutar jirginsa na ruwa mai tsawon mita 11, irin wanda iska ke turawa, ko da yake yana da ƙaramin injin dizal. A ciki akwai firji, fitilu, rediyon kiran jirage, na'urar taswira da na'urar da ke riƙe sitiyari da kanta. Niyyata in sa masa batura tubula guda biyu masu 220Ah (amfiya-awa 220 kowane) da babban faranti guda, kamar yadda na saba yi a gidaje. Shin hakan zai yi?
Mai karatu daga Legas

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ilimin da ka samu a aikin gidaje zai yi maka amfani ƙwarai, amma shawarata ita ce ka ajiye zancen tubula gaba ɗaya, ka kuma raba farantin nan gida biyu ko uku. Dalili kuwa shi ne jirgi yana karkata, yana da inuwar da ba ta tsayawa wuri guda, kuma gishiri yana cin duk ƙarfen da ya samu, alhali rufin gida bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Kafin ka je kasuwa, ka zauna da mai jirgin da biro da takarda, ku lissafa abin da kowace na'ura ke sha a yini. Ga misali a kan wuta mai bolt 12, wanda za ka gyara shi da ainihin lambobin da ke jikin kayansa. Firji a zafin Legas yana iya shan kimanin 55Ah a awa 24, shi ne kuma babban maciyi domin ba ya hutawa ko jirgi na tsaye. Na'urar riƙe sitiyari idan tana jan amfiya 3 na awa 8 ta sha 24Ah, taswira da rediyo su sha wajen 16Ah, fitilu 10Ah, fanka da cajin waya 15Ah. Jimilla 120Ah ke nan, wato kusan wat-awa 1,440 a yini. Kada ka manta da famfon da ke kwashe ruwan da ya taru a gindin jirgi, kada kuma ka manta da fitilun dare, domin dokar kare karon jirage ta duniya ta shekarar 1972 ta wajabta su, har da farar fitilar da jirgi ke kunnawa idan ya jefa anga. Waɗannan biyun ba a kashe su don tsimin wuta.

To, mu koma kan tubula. Batir ne mai ruwa, ruwan kuma asid ne, an yi shi domin ya zauna daram a kan daɓe. Jirgin da iska ke turawa yakan kwanta a gefe guda da digiri 15 zuwa 25 na sa'o'i da yawa, igiyar ruwa kuma tana jijjiga shi, saboda haka asid zai riƙa tsiyayowa ta murafen nan masu sandar auna ruwa. Idan ruwan teku ya haɗu da asid ɗin, iskar kulorin mai guba tana iya tashi a cikin ɗakin da mutane ke kwana, ga kuma iskar haidurojin da yake fitarwa lokacin caji, wadda ƙyastu guda ya ishe ta kamawa. Sannan kowane ɗaya yana kai kilo 60 ko fiye, kuma batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, wato daga 440Ah da ka saya, 220Ah kawai ne naka.

Zaɓi biyu ne a gabanka. Na farko shi ne AGM, batirin dalma rufaffe wanda ba ya zubar da ruwa ko an karkata shi. Yana da sauƙin kuɗi da sauƙin haɗawa, sai dai ƙa'idar rabi tana kansa, kuma zafi yana rage masa kwana ƙwarai, musamman idan aka ajiye shi kusa da inji. Idan kana son wutar kwana biyu ba rana, wato 240Ah, sai ka sayi 480Ah, nauyin da ya kusa kilo 150. Na biyu shi ne litiyom irin LiFePO4, wanda za a iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ba tare da cutarwa ba, don haka 300Ah ya wadatar, nauyinsa kuma bai kai kilo 45 ba. Idan aljihun mai jirgin zai ɗauka, shi na fi so, amma da sharaɗi. Litiyom yana zuƙar duk wutar da altaneta, wato na'urar caji da ke jikin inji, ta ba shi har ta yi zafi ta ƙone, kuma idan na'urar BMS da ke tsaronsa ta yanke caji farat ɗaya alhali inji na aiki, altanetar tana iya mutuwa nan take. Maganin wannan shi ne caja irin DC-DC, mai iyakance wutar da batir ke ja, a tsakanin altaneta da litiyom ɗin. Batirin tayar da inji kuwa ka bar shi na dalma, shi kaɗai a layinsa, domin ranar da firji ya shanye komai, mai jirgin ya samu abin da zai tayar da inji ya koma gaɓa.

Game da faranti, kada ka yi lissafi da ranar Kano. Legas tana da hadari mai yawa daga Yuni zuwa Agusta, ga hazon hunturu, saboda haka ka ɗauka awa 4 na cikakkiyar rana kake da su. Lambar da ke bayan faranti an auna ta ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage kimanin kashi 0.4 cikin 100. Idan ka haɗa wannan da inuwa da asarar waya, ka sa ran kashi 70 cikin 100 kawai. Raba 1,440 da 2.8, wato kashi 70 cikin 100 na awa 4 ɗin, za ka samu kusan wat 500.

Inuwa ita ce abin da ya fi wahalar da masu wannan aiki. Ƙwayoyin da ke cikin faranti a jere suke, wuta tana bi ta cikin kowace, don haka siririyar inuwar sandar jirgi ko ta igiya guda, idan ta gitta a kansu, tana iya kwashe kaso mai tsoka na wutar farantin duka. Jirgi a kan anga kuwa juyawa yake yi da iska da ruwa, inuwar da ke dama da hantsi tana hagu da azahar. Shi ya sa na ce a raba: biyu masu wat 200 a kan firam na ƙarfe marar tsatsa a can bayan jirgi, nesa da sanda da ƙyallen iska, sai ɗaya mai wat 100 inda wuri ya samu, kowane da tasa kwantirola ta MPPT, wato na'urar da ke daidaita cajin da ke zuwa daga faranti, da aka saita wa irin batirin da ka zaɓa. Farantai masu gilashi sun fi masu lanƙwasa daɗewa, domin masu lanƙwasa da ake mannawa ba sa samun iska ta ƙasa, zafi yana gama da su da wuri.

Wayar gida ba ta da wuri a nan. Ka nemi wayar tagulla mai silili da yawa wadda aka shafe da kuza. Ta gida idan ka feɗe ta bayan damina guda a iskar teku, za ka tarar ta yi baƙi da kore har cikin roba. Ka zaɓi kauri yadda faɗuwar bolt ba za ta wuce kashi 3 cikin 100 ba a layin fitilun dare da na'urori, ka rufe kowane mahaɗi da robar da ke tsukewa da zafi. Ka sa fis kusa da kan batir, ƙa'idar ABYC, ƙungiyar Amurka mai tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa, ta ce cikin inci 7, wato kimanin santimita 18, kuma ga litiyom a yi amfani da irin Class T, saboda ƙarfin wutar da yake saki idan waya ta haɗu. Ka ɗaure batura da madauri a cikin akwati, a ƙasa kusa da tsakiyar jirgi amma sama da inda ruwa ke taruwa, sannan ka sa mita mai ƙidaya amfiya-awa, domin bolt na litiyom kusan ba ya sauka sai ya kusa ƙarewa, don haka duba bolt kaɗai ba zai gaya wa mai jirgin abin da ya rage masa ba.